Kofur a Abyei, Inna da mai ciki a ƙasar Jahun

Wani kofur, malamin jinya a rundunar sojan ƙasa, ya aiko min saƙo daga Abyei, yankin nan da Sudan da Sudan ta Kudu ke taƙaddama a kansa. Ya ce: "Wata biyar ke nan ina cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙaramin asibitin sansani. Kullum ina duba 'ya'yan wasu, alhali Innata na ƙauye a ƙasar Jahun da hawan jini, mai ɗakina kuma cikinta wata bakwai. 'Yan gida sai su turo murya ta WhatsApp in faɗi maganin da za a sayo a kemis. Yayana ya ce in ƙunso magunguna daga nan tunda kyauta ne. Ga maganar dala ta cika gari. Yaya zan yi?"

Sannu da aiki, ƙanena, Allah Ya dawo da ku lafiya.

Bari in tuna maka abin da ka fi ni sani. Asibitinku na matakin farko ne: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ɗinkin rauni, ƙarin ruwa, saran maciji. Ba ku riƙe majinyaci fiye da kwana biyu, wanda ya fi ƙarfinku sai a miƙa shi mataki na biyu inda ake tiyata. Kuma tun kafin a ji wa kowa ciwo an riga an tsara komai. Cikin minti 10 abokin sintirinsa ya tsayar da jini, cikin awa 1 ƙwararru su karɓe shi, cikin awa 2 ya kai gadon tiyata. In damina ta sauka, baƙar ƙasar Abyei ta zama taɓo, mota ta kafe, an san jirgi mai saukar ungulu ne zai ɗauka, an san wa zai kira shi.

To wannan tsarin shi gidanku ke buƙata, ya fi musu sunan magani ta waya. Mai ɗakinka saura wata biyu. Wane mai mota ne a garinku aka yi magana da shi, wanda ko ƙarfe biyun dare aka buga masa ƙofa zai tashi? Kuɗin mai yana hannun wa? Su wa za su ba da jini in an nema? Kun yi sa'a, Babban Asibitin Jahun na kusa, kuma tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a ɓangaren haihuwarsa. Amma kai ma ka san yadda hanyoyin fadama suke zama in Kogin Haɗeja ya cika. In haihuwar za ta faɗo a Agusta ko Satumba, ta koma wajen dangi a cikin gari tun da sauran kwanaki.

Akwai kuma abin da ke kashe mana mata a nan karkara wanda ba ya cikin littafin likita: jiran izinin miji. Na yi shekaru a asibitocin ƙauye, na sha ganin an kawo yarinya tana jijjiga bayan an kwana ana neman layin maigida. Kai kuwa ana iya fita da ku sintiri, waya ta yi kwana biyu ba ta shiga. Saboda haka ka kira yau, a saka wayar a amsa-kuwwa, Inna na ji, Yaya na ji, ka faɗa da bakinka cewa ka ba da izini tun yanzu. In ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko fuska da hannu sun kumbura, ko tana gani dishi-dishi, ko ɗan ya daina motsi, a fita da ita, kada a jira ka. Awon ciki kuma kar ta tsallake ko ɗaya.

Inna kuwa, saya mata na'urar awon jini, ka damƙa wa malamin asibitin garinku ko wani ƙane mai karatu. A riƙa awo ana rubutawa a littafi, a turo maka hoto. In yana zarce 140 bisa 90 a kai ta wanda zai gan ta ido da ido ya canza magani. Ta daina ajiye ƙwayar in ta ji sauƙi, a rage gishiri da ɗunƙule, a raba ta da magungunan ciwon jikin nan na kemis masu ƙara hawan jini. Inshorar lafiyar aikinka mata da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 ta ɗauka, don haka kuɗin maganin Inna ka ware shi duk wata daga albashi.

Batun ƙunso magani, ka ba Yaya haƙuri. Kowace ƙwaya a rubuce take, kai ne ma mai sa hannu. Kwali ɗaya ya isa a ɗoro ka a jirgi kafin wa'adi, ka tsaya gaban kotun soja, igiyoyinka biyu su tafi.

Dala kuwa, gaya musu yadda abin yake. Dala 1,448 da Majalisar ke biya kan kowane soja a wata tun 2022, gwamnati take ba wa, ita ke yanke alawus ɗin da zai shigo hannunka. Yanka wa gida adadi guda, wanda ya zo da ƙarin buƙata ya jira wata ya kama. Abin da ya ragu a saya maka gero da riɗi da kaka, ko tumaki biyu a kasuwar Gujungu a ba mai ɗakinka kiwo.

Ba ka tambayi takardu ba, amma zan yi katsalandan. Yawancinku kun shiga soja kuna samari, kuka rubuta Baba ko Yaya a gurbin wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Wannan gurbin ba rabon gado ba ne, gado na shari'a ne, amma sunan da ke ciki shi hukuma ta sani. Je wajen akawun rundunarku ka duba, a shigar da aurenka, in an haihu a ƙara sunan jaririn. Ka duba ranar da lasisinka na jinya zai ƙare. Kafin ku taso kuma, roƙi likitan da ke shugabantarku ya rubuta maka takardar shaidar aikin da ka yi a Abyei, da hatimi a kai, don in kun watse samun sa hannunsa zai yi wuya.