Allon LCD ya kawo haske, amma baƙaƙen akwatuna kawai yake nunawa

Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ni ɗalibi ne a nan Damagaram. Na haɗa allon LCD mai layi 2 da gurbin harafi 16 da Arduino Uno, ƙaramar kwamfutar koyon haɗa kayan lantarki, na yi amfani da laburaren LiquidCrystal, wato tarin umarnin da ke sarrafa allon. Fitilar allon ta kama, amma babu rubutu, sai jerin baƙaƙen akwatuna a layin sama. Ya ƙone ne? In ya gyaru, zai iya rubuta ƙ da ɗ?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ƙanenmu, allon bai ƙone ba. Akwatunan nan su ne abin da guntun HD44780, ƙwaƙwalwar da ke bayan allon, yake nunawa idan ya sami volt 5 amma umarnin farko daga Arduino bai iso masa ba. Wuta ta shiga, saƙo ne ya maƙale a hanya.

Fara duba ƙafa ta 5, mai suna RW. Ita ce ke gaya wa allon ko rubutu za a yi masa ko karatu. Dole ka kai ta GND, wato ƙafar Arduino mai volt 0. In aka bar ta tana lilo, allon ba ya karɓar komai, kuma masu koyo kan manta da ita.

Daga nan sai dalma. Sau da yawa ana sayar da allon da ƙafafunsa 16 a ware, ɗalibi ya zura su cikin ramuka ya ɗauka sun haɗu. Ba su haɗu ba. Ƙafa ɗaya ta yi sako-sako, duk saƙon ya lalace. In ba ka da abin liƙa dalma, kai wa mai gyaran salula ko rediyo, aikin minti kaɗan ne.

Sannan ka gwada wayoyinka da layin da ka rubuta. Misalin da ke zuwa da manhajar Arduino yana amfani da waɗannan lambobi:

LiquidCrystal lcd(12, 11, 5, 4, 3, 2);

Jerin lambobin yana da ma'ana: RS, ƙafa ta 4 a allon, zuwa 12, E, ƙafa ta 6, zuwa 11, sai D4, D5, D6, D7, wato ƙafa ta 11 zuwa 14, su tafi 5, 4, 3, 2 bi da bi. Lura cewa lambobin allon suna hawa, na Arduino suna sauka. Nan ne ake yawan juya wayoyi. D0 zuwa D3 a bar su haka, domin laburaren yana raba kowane harafi gida biyu ya tura ta wayoyi huɗu. Cikin setup kuma, wato sashen umarnin da Arduino ke fara bi idan an kunna shi, a tabbata akwai lcd.begin(16, 2), ita ce ke aika umarnin farkon da allon yake jira.

In akwatunan sun tafi amma allon ya zama fayau, ko ya yi baƙi duka, to ƙafa ta 3 ce. Sa potansiyomita mai kilo'om 10, irin maɓallin murɗa ƙarar rediyo: gefe ɗaya volt 5, ɗayan GND, tsakiya zuwa ƙafa ta 3. Murɗa a hankali, rubutun yakan fito idan wutar ƙafa ta 3 ta sauka ƙasa da volt 1. Muna ba da shawarar ka bar potansiyomitan a jikin aikin, kada ka musanya shi da rezistans tsayayye, wato abin rage wuta da ba a murɗawa, domin zafi yana ƙara wa allon duhu. Saitin da ya yi kyau da sanyin Janairu zai iya cushewa a zafin Afirilu. Fitilar baya kuwa, ƙafa ta 15 ta bi ta rezistans mai om 220 zuwa volt 5, ta 16 zuwa GND.

Batun ƙ da ɗ: ba sa cikin haruffan da aka dasa wa guntun, kuma in ka sa su cikin lcd.print, alamomi biyu marasa ma'ana za ka gani, saboda manhajar tana ajiye kowane ɗayansu a matsayin bayit biyu, allon kuma yana ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Haka é na Faransanci yake yi. Amma allon yana da gurbi 8 na haruffan da mutum zai zana da kansa, kowane faɗin ɗigo 5, tsawon ɗigo 8. Zana harafin a takarda, mayar da kowane layi lamba, ka ɗora shi da lcd.createChar(1, sunan zanen), ka nuna shi da lcd.write(1). Ƙananan ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da manyansu sun cika gurbi takwas ɗin daidai, daga 0 zuwa 7. Na gurbin 0 sai ka rubuta lcd.write(byte(0)), in ba haka ba manhajar za ta ƙi. Bayan createChar kuma ka kira lcd.setCursor(0, 0) kafin ka rubuta komai, domin allon yana nan yana nuni ga ma'ajiyar zane, kuma rubutunka zai faɗa can ya ɓata harafin da ka zana.