Tambaya da Amsa: Matsalolin Birkin Baya Bayan An Cire Ganga An Saka Faifai a Tsohuwar A-kori-kura

A wannan fitowar mun zaɓi wasiƙu uku da suka haɗu a kan abu guda, wato tsofaffin motocin a-kori-kura da aka sauya wa birkin baya daga mai ganga zuwa mai faifai, amma masu su ba su sami abin da suka yi tsammani ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura ƙirar shekarun 1980, kuma na saka mata birkin faifai a baya. Tun daga ranar, idan na taka birki sai fedar ta nutse kusan ƙasa, sai na sake takawa sannan ta yi tauri. Mun cire iska sau uku, babu abin da ya canza. Shin kayan da na saya ne ba su da kyau?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ka yi saurin ɗora laifin a kan kayan, domin a mafi yawan lokuta matsalar tana cikin yadda aka ɗaura su ne. Abu na farko da za ka duba shi ne wurin da ƙaramin notin fitar da iska yake a jikin kalifa, wato maƙatar da ke matse faifan. Iska a cikin man birki sama take tashi, saboda haka dole notin ya kasance a ƙololuwar kalifar. Sau da yawa akan saka ta dama a hagu, ta hagu a dama, ko kuma ƙarfen da ke riƙe ta ya karkatar da ita har notin ya koma gefe. Idan haka ne, ko sau goma aka cire iska, wata za ta maƙale a sama. Maganin shi ne a kwance kalifar ba tare da an cire tiyonta ba, a sa katako mai kaurin faifan a tsakanin fad ɗin biyu, wato takalman da ke goga faifan, a juya ta har notin ya kalli sama, sannan a cire iskar.

Amma yadda ka ce fedar tana yin tauri a taku na biyu ya sa na fi zargin wani abu dabam. Yawancin waɗannan kayan suna zuwa da kalifa mai birkin hannu a jikinta, kamar irin ta bayan Cadillac Eldorado da Seville da aka daɗe ana amfani da ita a wannan aiki. A cikin irin wannan kalifa akwai wani zare da ke tura fistin, wato ƙarfen da ke danna fad, kusa da faifai a hankali, kuma jan birkin hannu ne ke motsa shi. Idan ba a daidaita ɗan hannun da ke bayan kalifar ba, ko kuma aka bar wayar birkin hannu ba a haɗa ta ba da sunan za a yi daga baya, fistin ɗin zai tsaya nesa da fad, sai takun farko ya ƙare wajen cike wannan gibi. A yi ta motsa hannun da ke bayan kalifar har sai ya kama faifan bayan ɗan gajeren motsi, sannan ka riƙa jan birkin hannu duk lokacin da ka faka motar, domin da haka ne take daidaita kanta.

Idan waɗannan biyu sun daidaita amma fedar tana nan da tsawo, sai a koma kan masta, wato famfon da ke tura man birki. An ƙera tsohuwar masta ne domin ƙananan silindar ganga, alhali fistin ɗin kalifa ya fi su faɗi, yana kuma buƙatar mai da yawa. Masta mai faɗin rami tana gajarta tafiyar feda amma tana sa ta yi nauyi a ƙafa, mai ƙunci kuwa tana ba da matsi mai ƙarfi amma da doguwar tafiya, don haka ba a zaɓen ta da ka. A nemi wadda aka ƙera domin faifai gaba da baya. A ƙarshe, ka lura ko fedar ta fi nutsewa bayan ka sha kwana. Idan haka ne, sandar aksil, wato wadda ke juya tayar baya, ita ce ke wasa ciki da waje, faifan yana ture fistin baya, kuma wannan gyaran aksil yake buƙata.

Tambaya: Ni kuma tawa tana kama birki sosai, sai dai bayan tafiya kaɗan tayoyin baya suna yin zafi har da ƙauri, kuma motar tana yin nauyi kamar ana riƙe ta. Mene ne dalili?

Amsa: Wannan alama ce ta cewa fad ɗin ba ya sakin faifai, kuma akwai gwaji mai sauƙi da zai raba maka gardama. Lokacin da tayar ta ɗaure, a ɗaga motar, a buɗe notin fitar da iska kaɗan. Idan mai ya yi tsartuwa kuma tayar ta saki nan take, to matsi ne ya maƙale a cikin bututu. Babban abin zargi a nan shi ne ɗan bawul ɗin da akan samu a cikin mastar birkin ganga, wanda ke riƙe matsi kimanin psi 10 (psi ma'aunin matsi ne) a layin baya. Ganga tana da sifirin masu ƙarfi da ke janye takalmanta, don haka wannan matsin ba ya damunta, amma kalifa ba ta da irin wannan sifirin, robar da ke zagaye da fistin ce kawai ke ja da shi baya kaɗan. Dole a cire bawul ɗin. Faifai ba ya buƙatar fiye da psi 2, shi ma sai idan mastar tana ƙasa da kalifa. Idan an sauya masta, a duba sandar da ke tura ta daga bosta, wato na'urar da ke ƙara wa takun feda ƙarfi, domin idan ta yi tsawo za ta hana fistin ɗin mastar komawa wurinsa, ta toshe ƙaramin ramin da mai ke bi ya koma tanki, kuma matsalar tana ƙaruwa ne yayin da man ya ɗumama.

Idan kuwa an buɗe notin amma tayar ba ta saki ba, matsalar ta ƙarfe ce: wayar birkin hannu ta yi tsauri, ko kalifar ba ta zauna daidai tsakiyar faifan ba, ko ƙusoshin da take zamewa a kansu sun bushe. Kada ka ci gaba da hawa motar a haka, domin zafi yana iya tafasa man birki, kuma sabon mai nau'in DOT 3 yana tafasa ne a wajen digiri 205 na ma'aunin Salsiyos, wanda ya tsufa ya sha ruwa kuwa ƙasa da haka nesa.

Tambaya: Wani ya ba ni shawara in cire bawul ɗin da ke raba matsi tsakanin gaba da baya, wai faifai ba ya buƙatarsa. Na cire, yanzu idan na taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar hanya sai bayan motar ya nemi juyowa. Me zan yi?

Amsa: Wannan ita ce wasiƙar da ta fi tayar mini da hankali, kuma ina roƙonka kada ka sake fita da motar sai an gyara. Shawarar tana da ɗan tushe, domin ganga tana ƙara wa kanta ƙarfi yayin da takalmin ya kama, faifai kuwa ba ya yin haka, shi ya sa tsohon bawul kan rage masa matsi fiye da kima. Amma cire shi gaba ɗaya kuskure ne mai haɗari. Idan aka taka birki nauyin mota gaba yake komawa, a-kori-kura marar kaya kuma ba ta da nauyi a baya tun asali, don haka tayoyin bayanta ke saurin ɗaurewa, kuma tayar da ta ɗaure ba ta iya riƙe motar a kan layinta. Ƙa'idar ita ce gaba ya riga baya ɗaurewa a kowane hali.

A saka bawul mai daidaitawa a layin baya, a fara daga inda ya fi rage matsi, sannan a gwada motar babu kaya a fili mai faɗi inda babu mutane, ana ƙara matsin kaɗan-kaɗan har baya ya fara ɗaurewa, sai a rage matsin kaɗan a tsaya a nan. Idan motarka tana da bawul mai auna nauyin kaya, irin wanda ake gani a Toyota Hilux da sandarsa haɗe da aksil, a bar shi a wurinsa a daidaita shi, musamman idan an taɓa ɗaga motar ko an sauya mata sifirin, domin tsayin jikin motar daga aksil yake bi wajen sanin matsin da zai sake wa baya. Bayan an gama, a maimaita gwajin a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan a sake yin sa da kaya a bayan motar.