Mutum 180,000 sun kalli bidiyon tallanmu, amma akanta bai ga komai a littafi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kamfanin kujeru da gadaje a Asawase, katako daga Sokoban muke sayowa. Watanni uku da suka wuce ɗana ya matsa mini muka ɗauko masu ɗaukar bidiyo, suka yi mana talla mai kyau har da hoto daga sama, na biya su sidi 9,000. Muka ƙara kashe sidi 3,000 don Facebook da Instagram su yaɗa shi. Yanzu yaron yana nuna mini a waya wai mutum 180,000 sun kalla, akanta kuma ya ce bai ga bambanci a littafi ba. Ga masu bidiyon sun dawo, wai a yi sabo kafin Babbar Sallah. In biya ko in haƙura?
Alhaji mai kujeru, Asawase, Kumasi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka biya tukuna, kada kuma ka yanke cewa kuɗin farko sun bi ruwa. Ɗanka da akanta duk gaskiya suka faɗa, sai dai kowa abin da ke gabansa yake kallo, babu wanda ya ɗaura igiya tsakanin waya da littafi.

Mu fara da 180,000 ɗin nan. Ba mutum 180,000 ba ne suka zauna suka kalli tallanka daga farko har ƙarshe. Shekara da shekaru ma'aunin Facebook shi ne sakan 3: bidiyo ya yi sakan uku a fuskar waya, ko da mai wayar yana shirin wucewa ne, an rubuta. TikTok ma bai jira haka ba, da zarar bidiyo ya fara motsi ya ƙirga. YouTube ya fi tsauri a tallan da ake iya tsallakewa, sai an kalli sakan 30, ko an kai ƙarshe idan bai kai tsawon haka ba, ko an danna shi. Kuma mutum ɗaya yana iya shiga lissafin sau da yawa. Ka san mai tallar magani a kasuwar Kejetia: jama'a za su kewaye shi har a tare hanya, amma idan ya buɗe jaka ya ce a miƙo kuɗi, hannu nawa ke tashi? Lambar da ɗanka ke nuna maka ta masu kewayewa ce.

Su kansu kamfanonin ba ma'asumai ba ne. A 2016 Facebook ya amsa cewa kusan shekara biyu yana kumbura matsakaicin lokacin da ake kallon bidiyo, saboda kuskure a yadda yake lissafi. Masu talla suka kai ƙara, a 2019 ya amince ya biya dala miliyan 40 aka rufe magana. Wanda ke sayar maka da talla shi ne ke riƙe da sikeli, don haka dole kai ma ka ajiye naka sikelin a shago.

Naka sikelin kuwa riba ce, ba ciniki ba. Nan ne 'yan kasuwa da yawa ke zamewa. Mutum ya ga ya sayar da kaya na sidi 30,000 bayan talla, ya ce ai 12,000 ɗina sun fito har sun haihu, ya manta kuɗin katako, soso, yadi, kafintoci da motar da ta kai kayan. A ce saitin kujeru ɗaya, bayan an cire duk waɗannan, yana bar maka sidi 1,500. To sai ka sayar da saiti takwas, ƙari a kan abin da ka saba sayarwa, kafin bidiyon ya biya kansa. Idan saiti goma sha biyu ya jawo, ribarsu 18,000 ke nan. Cire 12,000, saura 6,000, wato kowane sidi da ka zuba ya dawo da kansa har da pesewa 50. Idan ka yi wa masu zuwa ta hanyar tallan rangwame ko ka kai musu kaya kyauta, shi ma ka tara shi a cikin kuɗin talla, haka harajin da ake ɗorawa a kan kuɗin yaɗawa.

Wuyar aikin tana cikin wannan "ƙari a kan abin da ka saba". Cinikin kujeru a Kumasi yana da lokutansa. Gabanin Sallah yana tashi, gabanin Kirsimeti yana tashi, idan kuɗin koko suka fara shigowa ƙauyukan Asante wajen ƙarshen shekara yana tashi, ga lokacin aurar da 'yan mata. Wanda ya saki bidiyo makonni uku kafin Babbar Sallah zai ga ciniki ko bidiyon ya yi aiki ko bai yi ba, kuma masu bidiyon za su zo su ce ga aikinmu nan. Ka ce wa akanta ya buɗo watannin nan uku, ya jera su da irinsu na bara, ya ƙirga yawan saiti, ba yawan kuɗi ba. Farashi ya sha canzawa a ƙasar nan, a Disambar 2022 hauhawarsa ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, don haka kuɗin bana da na wata shekara ba sa auna juna daidai.

Ga abin da nake so ka yi kafin ka sake ba kowa ko pesewa. Bidiyon da ka riga ka biya yana nan, bai ruɓe ba. Ka sayi sabon layin waya wanda babu shi a allon shago, babu shi a katinka, ka sa a manna shi a ƙarshen bidiyon kaɗai, ka buɗe masa WhatsApp Business. Duk wanda ya kira ko ya rubuto ta layin nan, ka san ta inda ya biyo. Manhajar tana ba da damar yi wa kowace hira alama: wanda ya tambayi farashi, wanda ya zo shago, wanda ya ba da kafin alƙalami, wanda ya biya duka. Sannan ka ajiye littafi na musamman a kan tebur, duk baƙon da ya shigo yaron shago ya tambaye shi cikin fara'a, da Hausa ko da Twi, "A ina kuka ji labarinmu?" ya rubuta. Wannan tambayar tana da muhimmanci ƙwarai, domin mace za ta ga bidiyo a wayarta yau, ta tura wa mijinta, bayan wata guda ƙaninsa ya zo ya biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Facebook ba ya ganin wannan cinikin. Rahotonsa ya saba bin mutum kwana bakwai ne bayan ya danna talla, ko kwana ɗaya bayan ya gani, kuma tun 2021 da Apple ya ba masu iPhone damar hana a bi sawunsu, ganinsa ya ƙara raguwa.

In kana son hujjar da ba ta da gardama, ka raba gari biyu. Ka zaɓi wurare biyu da cinikinka ya yi kusan daidai a cikinsu, misali Tafo da Kwadaso, ka sa tallan ya fita a ɗaya ka bar ɗayan har wata guda, ka duba takardun kai kaya. Manyan kamfanoni haka suke yi. Kamfanin eBay na Amurka ya taɓa dakatar da tallan da yake biya a shafukan bincike a wasu yankuna don ya gwada, sai ya tarar yawancin masu danna tallan da ma za su zo ko ba talla. Ba na bidiyo ba ne, amma darasin ɗaya ne.

Idan bayan wata guda layin ya yi ta ƙara, kuma littafi ya nuna, kira masu bidiyon ku yi maganar sabo. Idan shiru, ka sa ɗanka ya buɗe jadawalin da ke nuna inda masu kallo ke ficewa. Na fi zaton za ku tarar sun watse tun jirgin ɗaukar hoto yana shawagi a kan rufin masana'anta, kafin a nuna kujera ko ɗaya. Gyaran wannan yankan hoto ne na rana guda, ba sabon aikin sidi 9,000 ba. Kuma ka riƙe yaron nan da kyau, Alhaji, tunaninsa daidai ne, ma'auni ne kawai bai ajiye ba.

Tambaya: Ina haɗa man shafawa da man kaɗanya da nake sarowa daga Tamale, ina sayarwa a Aboabo. Wata yarinya mai mabiya da yawa a TikTok ta ce in biya ta ta tallata mini, wani kamfani kuma ya ce gara in yi bidiyo na ƙwararru. Kuɗina na ɗaya ne kawai. Wanne zan zaɓa?
Hajiya mai man kaɗe, Aboabo

Amsa: Hajiya, kafin duka biyun akwai hukuma. Ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, kayan shafe-shafe, abinci da magunguna sai an yi musu rajista da hukumar kula da abinci da magunguna, wato FDA, kuma tallan kansa sai ta duba ta amince kafin a sake shi. Idan yarinyar ta ɗauki kwalbarki ta ce yana warkar da ƙyasbi ko yana sa fata ta yi fari, ke za a nema. Ki fara da wannan, ki kuma rubuta mata abin da za ta faɗa da wanda ba za ta faɗa ba.

Bayan haka, ni ba zan ba kamfanin ƙwararru kuɗi a wannan matakin ba. Mai sayen man shafawa hannu take so ta gani: ki buɗe murfi, ki lakato, ki murza a bayan hannu kusa da taga inda haske ke shigowa, a ga yadda yake narkewa ba ya barin maiƙo. Wayarki ta isa. Ki yi gajeru guda uku masu mafari daban-daban, ki sa wa kowanne ɗan kuɗi daidai wa daida, ki ga wanda ya fi kawo saƙo.

Ita kuma yarinyar, yawan mabiyanta ba shi ne abin tambaya ba. Ki ce ta nuna miki a wayarta ƙasashe da garuruwan da masu kallonta suke. Idan yawancinsu a Kano da Yamai suke, ke kuma iyakar kai kayanki Kumasi da Accra, farin jininta ba zai cika miki asusu ba. Idan kun daidaita, ki ba ta wani abu a hannu, ragowar ya zama la'ada a kan kowace kwalba, da wata kalma ta musamman da mai saye zai ambata a yi masa ɗan ragi. Wadda ta yarda da kanta ba ta ƙin irin wannan ciniki.

Tambaya: Manyan motoci muke da su, muna ɗaukar kaya daga tashar Tema zuwa Wagadugu. Mun yi bidiyon gabatar da kamfani, amma waɗanda suka kalla ba su kai ɗari uku ba. Asara ce?
Manajan sufuri, Suame

Amsa: Ba lallai ba, Malam. Masu iya ba ka kwangilar kwantena ba su da yawa, kuma ba a TikTok suke yanke shawara ba. Irin wannan bidiyon tura shi ake yi kai tsaye ga 'yan kasuwa da masu fiton kaya tare da takardar farashi. Ka rubuta sunan duk wanda aka tura wa, ka duba bayan wata shida: nawa suka kira ku zama, nawa suka sa hannu, kuma kwana nawa aka ɗauka idan aka gwada da waɗanda ba a tura wa ba. Kuɗinsa ma kada ka ɗora wa wata ɗaya, ka raba su a kan shekarun da zai yi yana aiki. Ka tabbatar kuma masu ɗaukar sun ba ka ainihin hotunan da ba a tace ba, domin ranar da kuka sayi sabbin motoci ko kuka canza lambar waya, gyara kawai za a yi.