Zan ci bashi in shiga sana'ar bado da tsirran ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sayar da furanni ne da dashen itatuwa a bakin titi a Kano. Kwanan nan wani otal da gidaje biyu suka tambaye ni furen da ke tsirowa cikin ruwa, don suna da ɗan tafkin ado a harabarsu. Wani mai sayar da kifin ado kuma ya ce in na samo ganyen da ake sawa a akwatin gilashi zai riƙa saye. Na ɗauki adashi, naira dubu 400 na hannuna. Ina so in ranto wasu dubu 400 in gina kwami uku na siminti, in sa a kawo mini iri 'yan waje daga Legas. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, sana'ar ka shige ta, amma bashin ka bar shi inda yake. Kwamin simintin ma a dakata tukuna. Mutum uku da suka yi tambaya da wani guda da ya ce zai riƙa saye ba su kai a kira su kasuwa ba, domin har yanzu babu wanda ya ajiye maka ko sisi. Wanda ya ba ka rance kuwa ranar biya ya sani, ba ruwansa da ko fure ya buɗe.

Fara da abin da ke kusa da kai. Furen da suke nema bado ne, wanda ya cika fadamun Haɗeja da Nguru da gefen madatsun ruwa irin su Tiga da Bagauda. Wanda aka fi sani shi ne mai farin fure, masana tsirrai na kiransa Nymphaea lotus. Da magariba yake buɗewa, ya kwana a buɗe, hantsi na ɗagawa ya rufe. Akwai kuma mai shuɗi-shuɗi, shi da rana yake buɗewa. Wannan bambancin kuɗi ne a wurinka. Otal da baƙinsa ke zama a waje bayan isha'i, farin ya dace da shi. Gidan da ake son a ga fure da rana tsaka, ka kai masa farin, kwana uku za a kira ka a ce kayanka ba ya fure. Shi wannan farin badon, tun yana ƙarami ganyensa na nutse cikin ruwa, ja-ja ko kore mai dabbare-dabbare, shi ne masu akwatin kifi a Turai da Asiya ke saye da kuɗinsu. Ka ga iri ɗaya ya biya maka buƙatar otal da ta mai kifi.

To, in abu yana nan kyauta a fadama, me zai sa a saya a hannunka? A nan sana'ar take. Badon da aka tumɓuko daga tafki ba shi kaɗai yake zuwa ba. Yana tafe da dodon koɗi da ƙwansa manne a bayan ganye, da matsattsaku, da tsutsar mazari mai cinye 'ya'yan kifi. Wasu ƙananan dodon koɗin su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini, kuma ta fata take shiga. Don haka kada kai ko yaronka ku tsunduma ruwan fadama ba dogon takalmin roba da safar hannu. Ma fi sauƙi ka sayi saiwar a hannun masunta bayan damina, lokacin da ruwa ya ja baya aka bar ta cikin laka. Tana da sauƙin ɗauka a buhu, kuma mutanen wurin sun san ta sarai tunda abinci ce a wajensu. Ka bi ta hannun sarkin ruwa ko mai unguwa, kada a wayi gari a ce baƙo ya zo yana haƙe musu tafki. Kududdufan cikin gari da kwatoci ke zuba ciki kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

In kayan sun iso, ka wanke lakar tas, ka yanke duk ganyen da ya ruɓe ko ya huje. Ka jiƙa su a ruwan alif, irin wanda ake kwantar da dattin ruwa da shi, kamar cokalin cin abinci ɗaya a lita 4, kwana biyu zuwa uku, sannan ka ɗauraye sosai. Ka fara gwadawa da guda biyu kafin ka zuba duka. Daga nan su zauna a bahonsu daban, sati uku ko huɗu, kana duba bayan ganye kullum. Abin da zai shiga akwatin kifin wani ba a yi masa gaggawa, domin in kifinsa na dubban nairori suka mutu, sunanka ne zai zaga kasuwa.

Dashen ba wuya. Baho na roba ko rabin duro ya isa. Ka sa saiwar a tukunya mai faɗi cike da ƙasar fadama mai danƙo, ka bar kan da ganye ke fitowa a waje, ka rufe saman ƙasar da tsakuwa don kada kifi su tona. Ƙasar da ka saba haɗawa furanninka, mai takin dabbobi da ɓuntun shinkafa, ba ta aiki a nan. Tasowa za ta yi saman ruwa, ta ruɓe, gansakuka ta rufe bahon cikin 'yan kwanaki. Taki kuwa, 'yan ƙwayoyin takin zamani za ka dunƙule cikin laka, ka cusa can ƙasa kusa da saiwa, kamar sau ɗaya a wata lokacin da yake girma. Ruwa ya haura kan tukunyar da santimita 30 zuwa 60. Yana son rana ta awa biyar zuwa shida in ana so ya yi fure, kuma yana son ruwa kwantacce. Yawancin tafkunan otal akwai famfon da ke feso ruwa sama, sai ka kai tukunyar can nesa da inda ruwan ke faɗowa. In ruwan famfo za ka zuba, ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe sinadarin kulorin ya fita.

Lokaci biyu ne masu cin jarin mai wannan sana'a a Kano. Da hunturu bado kan ja jiki, ganye ya ragu, wani ma ya bushe ƙurmus. Saiwar tana nan da rai, in zafi ya dawo za ta toho, amma mai gidan da ba a gaya masa ba zai sa a zubar, ya ce ka cuce shi. Ka faɗa masa tun ranar ciniki. Daga Maris zuwa Mayu kuma, lokacin da zafi ke kai maki 40, ƙaramin baho baƙi a kan siminti sai ruwansa ya yi kamar an ɗora a wuta, ya kuma ƙafe da sauri. Ka binne rabin bahon a ƙasa ko ka yi masa rumfar raga ta tare ranar azahar, ka kuma sa kuɗin ruwa a lissafinka, tunda a bakin titi kake, a hannun 'yan garuwa za ka saya. Kowane baho ka jefa masa ƙananan kifi irin gofi su cinye tsutsar sauro, in ba haka ba maƙwabta ne za su fara kai ƙararka.

Na akwatin gilashi kulawarsa daban. Rabin saiwar kawai ake binnewa a yashi, kuma duk ganyen da ya miƙe zai kai saman ruwa a yanke shi daga tushe. In aka bar shi ya kai, sai ya koma fitar da manyan ganyen sama, ya tare wa komai haske. Ka tambayi mai kifin irin kifin da za a haɗa da shi. Karfasa da kifin zinariya da koi (wani kifin ado mai launi-launi) cin ganye suke, tarwaɗa kuma tumɓuke shi take. In za ka ƙara wani iri daga Legas, ka nemi Anubias. Ko shi ma ba baƙo ba ne, asalinsa rafukan dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru, sunan wanda aka fi sayarwa ma, Anubias barteri, daga Charles Barter ya samo, mai tattara tsirrai da ya biyo ayarin Baturen bincike William Baikie a kogin Kwara a 1857. Yana jure ƙarancin haske, abin da ya dace da halin wutarmu. Ba a binne jijiyarsa, ɗaure ta ake da zare a jikin dutse ko icce. Aibinsa jinkiri, sai a yi makonni kafin ya fitar da ganye ɗaya, don haka kuɗin da ka sa a kansa zai daɗe bai juyo ba. Ka sayi kaɗan.

Akwai waɗanda ban yarda ka taɓa ba. Na farko tsiron nan da Turawa ke kira water hyacinth, mai furen shunayya da kumburarren kara, mai yawo a saman ruwa, ɗan asalin Kudancin Amurka. Ya shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984, ya toshe hanyoyin kwalekwale, yana iya ninka kansa cikin kamar sati biyu. Kyau gare shi, za a kuma tambaye ka shi, amma ragowar da ma'aikacin gida zai watsa a kwata ta isa ta kai shi kogi. Na biyu kacalla. Duk wanda ya san yadda ta cinye hanyoyin ruwa da gonaki a Haɗeja da Nguru bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ta kuma zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki, ba zai dasa ta don ado ba. Kainuwa kuwa dashen Allah ce, ba ta buƙatar ka. Ka ba da ita gyara in an yi ciniki, kana rage ta kowane sati, don tana rufe ruwa ruf, akwai kuma sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta.

Yanzu ga inda ribar take. Bado ba tumatir ba ne da za a dawo gobe a sake saye. Wanda ya sayi tukunya biyar ya gama, shekara na zagayowa ma sun hayayyafa masa. Mu yi lissafin misali, kai ka sa farashin da ka ga kasuwa za ta ɗauka. A ce tukunya naira dubu 5 ce, otal ya ɗauki goma, ka karɓi dubu 50 sau ɗaya. A ce kuma kun yi yarjejeniya kana zuwa sau biyu a wata, ka yanke ruɓaɓɓen ganye, ka kwashe gansakuka, ka cusa taki, ka duba kifi, a kan dubu 15 duk wata. A shekara dubu 180 ke nan daga wuri guda, jarin da ka sa kuwa kuɗin mota ne da almakashi da 'yar koma. Wuri biyar irin wannan sun fi maka kwami uku cike da kayan da ke jiran mai saye. Saboda haka in ka je otal ɗin, kada ka tsaya kan kuɗin fure, ka kai musu maganar kulawa gaba ɗaya, a rubuce. Rabin kuɗi kafin alƙalami, sauran ranar da ka dasa, kuɗin wata kuma a farkon wata, domin manyan wurare sun iya cewa a dawo manaja ya yi tafiya. Alkawarin musanya wanda ya mutu ka yi shi ga masu biyan kuɗin kulawa kaɗai, ka kuma rubuta cewa bai shafi tafkin da aka zuba wa ruwan wanki ko maganin wurin ninƙaya ba.

Mai kifin da ya ce zai riƙa saye, ka kai masa guda goma ya biya nan take. In ya ce a bar masa sai an sayar, to ka san nauyin maganarsa, ka rage zuwa biyar.

Daga dubu 400 ɗinka, abin da zan yarda ka fitar yanzu bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba: baho goma zuwa goma sha biyu, tukwane, tsakuwa, raga, takalmi da safa, saiwa, kuɗin mota da na ruwa. Sauran su zauna cikin sana'ar furanninka da ta riga ta saba ciyar da kai. Ka buɗe wa tsirran ruwa shafinsu daban a littafi, kada kuɗinsu ya cakuɗe da na dashen mangwaro, in ba haka ba ba za ka taɓa sanin wanne ke ɗauke da wanne ba. Baho biyu mafi kyau ka ajiye su gaba-gaba inda masu mota za su hango, ka ɗauki hoton farin da asuba kafin ya rufe ka sa a WhatsApp.

Maganar siminti kuma, wurin da kake bakin titi ne, ba filinka ba. Ranar da hukuma ta ce a tashi, baho a Keke Napep za ka ɗora shi, kwami kuwa sai dai ka tsaya kana kallo a fasa. In ka ga hunturu ɗaya da bazara ɗaya sun wuce kayanka na raye, kana da aƙalla wuri huɗu masu biyan kuɗin wata ba tare da ka yi ta sintiri ba, sai ka gina kwami ɗaya a gida daga ribar, ka sake rubuto mini mu duba littafin tare. Allah ya sa albarka.