Ɗana Ya Nace Sai Aikin Injin Jirgin Ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare, ya kafe sai ya zama injiniyan jirgin ruwa, alhali ko rafi bai taɓa shiga ba. Ina ake karatun, kuma akwai abin yi bayan an gama?
Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganar iyo kada ta hana ki barci. Ni ma ban taɓa ganin teku ba sai da na tafi karatu, kuma a can ake koya wa ɗalibi faɗawa ruwa da rigar ceto.

Makarantar da aka fi sani ita ce ta Oron a Jihar Akwa Ibom, ta hanyar JAMB ake shiga, a yi ƙaramar difloma (ND) shekara 2. Sai ya kasance yana da kiredit a Turanci, lissafi da fizis. Akwai kuma jami'ar harkokin teku da ke Accra a Ghana.

Amma Hajiya, inda gizo ke saƙar ba a aji yake ba. Dokar duniya ta horar da ma'aikatan jirgin ruwa, wato STCW, wadda aka kafa a 1978, ta ce sai ɗalibi ya haɗa wata 12 na horo, a ɗakin koyon gyaran inji da kan jirgi, aƙalla wata 6 yana aikin lura da ɗakin inji, kafin ya zauna jarrabawar lasisin ƙwarewa (CoC) a hannun NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya. In babu lasisin nan, difloma ado ce. Tun da kamfanin jiragen gwamnati, NNSL, ya rushe a 1995, gurbin horon ya yi wuya. Ni sai da na shekara biyu ina zarya a Apapa, tashar jiragen ruwa ta Legas, da fayil a hammata. Wani abokina ya gaji, ya koma gyaran janareta.

Don haka kafin ki sayar da ko akuya, ki tambayi makarantar: wa zai ɗora shi a jirgi? Ki kuma riƙa bibiyar shirin NSDP na NIMASA, da ke tura ɗalibai karatu waje.

Ki gaya masa kuma, farin yunifom na hoto ne. Ɗakin inji yana can ƙasan jirgi, zafi ya wuce digiri 40, ƙara sai da toshiyar kunne, baƙin mai har cikin farce. Awa 4 kana aiki, 8 kana hutu, in famfo bai lalace ba. Ki fara kai shi garejin manyan motoci ya yi wata uku, ki ga ko zai koma ranar Litinin.