Zauren Tambaya da Amsa: Kafin Ka Biya Kuɗin Sabuwar Jif a Kaduna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mai harkar hatsi, kuma yawancin zirga-zirgata tsakanin Kaduna da Zariya da Saminaka ce, wani lokaci har Abuja. Na yi niyyar sayen Land Cruiser 300 sabuwa dal, kuma an ba ni farashi biyu. Ɗaya daga wakilin kamfani ne, ɗayan kuma daga wani dillali mai wurin baje motoci a cikin gari, wanda nasa ya yi ƙasa da na farkon da miliyoyin naira. Ya ce motar tana cikin jirgin ruwa daga Dubai, in ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, in cika idan ta iso. Aminina ne ya haɗa mu, shi ya sa nake jin nauyin tsananta bincike. Wace shawara za ka ba ni?
Wani Alhaji, Unguwar Rimi

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a cikin niyya. Shawarata ta farko ita ce kada ka ba da rabin kuɗi a kan maganar baki, domin abin da aka gabatar maka a yanzu cinikin biri a sama ne. Ba ina nufin dillalin macuci ne ba, akwai masu gaskiya da yawa a wannan sana'a, amma tun da aka sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, farashin duk abin da ake shigowa da shi yana motsawa da dala, kuma kuɗin fiton kwastam ma da canjin lokacin ake lissafa shi. Idan ba a rubuta cewa farashin ya tsaya ba, ranar da motar ta iso za a ce maka dala ta tashi, kai kuwa kuɗinka na hannunsu, ba ka da bakin cewa albarka. Idan har motar tana cikin jirgi da gaske, to akwai takardar lodi, kuma lambar shasinta tana jikin takardar. Ka nemi kwafi, sannan a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da wannan lamba, da samfurin motar, da shekarar ƙira, da ranar da za a damƙa maka ita, da sharaɗin mayar maka da kuɗinka cif idan aka saɓa. Abin da za ka bayar kuma ya kasance kaɗan, wanda ko an samu jinkiri ba zai taɓa jarinka ba.

Sai mu zo kan bambancin farashi, wanda shi ne ya ja hankalinka. Yawanci ba ya rasa dalili, kuma dalilin ne ya kamata ka tono.

Mai yiwuwa ba mota iri ɗaya ake yi maka tayi ba. Land Cruiser 300, wadda ta fito a 2021 ta maye gurbin samfurin 200, tana da matakai daban-daban a kasuwar ƙasashen Larabawa, irin su GX da GXR da VX da VXR, kuma tazarar kuɗi tsakaninsu babba ce. Injinta ma ba ɗaya ba ne. Akwai na fetur mai lita 3.5 da tabo (turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi) biyu, akwai na dizal mai lita 3.3, dukansu da giya 10, sannan a waccan kasuwa akwai mai tsohon inji lita 4.0 marar tabo da giya 6, wadda ta fi sauran araha. Daga waje duk kamanninsu ɗaya ne ga wanda bai saba ba. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni, wato a ɗauki tsohuwar 200 a sauya mata fuska da fitilu da kujeru har ta yi kama da sabuwa. Wannan yana da saurin ganewa, domin samfurin 300 bai zo da inji V8, wato mai silinda takwas, ba ko kaɗan, saboda haka idan aka buɗe bonet ka ga V8, to magana ta ƙare.

Mai yiwuwa kuma garanti ne aka cire daga cikin kuɗin. Motar da aka sayo ta hannun wakilin kamfani a nan gida tana zuwa da garanti, abin da aka saba gani shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Wadda aka ƙera don kasuwar Dubai kuwa, alhakinta yana wuyan wakilin can, kuma ba dole ba ne wani gareji a Nijeriya ya karɓe ta kyauta. Mutane suna raina wannan batu saboda sun yarda da sunan Toyota, alhali sabuwar mota ma takan zo da aibi daga masana'anta. A 2024 kamfanin da kansa ya yi kiranyen motocin Tundra da Lexus LX 600 fiye da 100,000 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage a cikin injin tun wurin ƙira, kuma injin nasu dangin na Land Cruiser 300 mai lita 3.5 ne. Wanda ya saya ta hanyar da aka san da zamansa, kiransa za a yi a gyara masa. Saboda haka ka tambayi dillalin kai tsaye: idan injin ya samu matsala bayan wata shida, wa zai gyara, a ina, kuma da kuɗin wa? Duk amsar da ya bayar, a sa ta cikin takarda.

Dalilin da ya fi ba ni tsoro shi ne kwastam. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashoshin jiragen ruwa, kuma rundunar kwastam mai sintiri ta shiyya ta biyu, wadda ke kula da wannan yanki namu, a nan Kaduna hedikwatarta take. Idan ba a biya fito ba, ko an biya na ƙaramar mota aka shigo da babba, wanda aka kama motar a hannunsa shi ne zai kwana a ciki, ba wanda ya sayar ba, kuma kai mutum ne da ke kan hanya kullum. Kada kwafin takarda ya ishe ka. Ka ɗauki takardun fiton ka kai ofishin kwastam da kanka a tantance, sannan ka gwada lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a kan takardun da kuma wadda ke jikin ginshiƙin ƙofa da wadda aka buga a ƙarfen shasin. Ko harafi ɗaya ne ya saɓa, kada ka karɓi bayanin cewa kuskuren mai bugawa ne.

Ranar karɓa, ka je da rana tsaka, ba da magariba ba, tare da makanikenka mai na'urar binciken kwamfutar mota. A duba kilomitan da ta yi, a duba fenti ko an taɓa shi, a tabbatar makullai biyu ne, da tayar safiya da jak da littafin sabis. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 1224 na nufin mako na 12 na 2024, kuma idan shekarun tayoyin sun yi nisa da shekarar motar, akwai tambayar da ke buƙatar amsa.

Game da amininka, na fahimci nauyin da kake ji, amma a ganina rubutu shi ne zai kare zumuncinku. Addininmu da kansa ya yi umarni da rubuta bashi a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, kuma kafin alƙalami a kan kayan da ba su iso ba nauyi ne da ke kan wani. Ba laifi ba ne ka tambaye shi cikin mutunci ko yana da la'ada a cinikin, domin la'ada halal ce, ɓoye ta ne ke ɓata zukata. Idan bayan duk wannan bincike dillalin ya fito fes, ka saya a wurinsa da kwanciyar hankali. Idan kuwa ya fara nuna ɓacin rai don ka nemi takarda, ka koma wurin wakilin kamfani ka biya cikon.

TAMBAYA: Ni da maigidana muna son babbar mota saboda mu bakwai ne da yara, kuma muna yawan zuwa gida Kafanchan. Ra'ayinmu ya rabu tsakanin Prado da babbar Land Cruiser. Makanikenmu na Panteka kuma ya ce sababbin nan ba su da juriyar na da. Shin gaskiya ne?
Wata Hajiya, Barnawa

AMSA: Hajiya, maganar makanikenku tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tana buƙatar gyara. Sababbin injuna masu tabo suna ba da ƙarfi mai yawa daga ƙaramin inji, amma ba sa yafe sakaci. Suna son baƙin man da littafin motar ya ambata, da juye a kan lokaci, da sauya matatar iska akai-akai, musamman lokacin ƙurar hunturu. Na dizal kuma gurɓataccen mai ko wanda ruwa ya shiga yana iya lalata masa allurai, gyaransu kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Masu gyara a Panteka sun ƙware ƙwarai a kan tsofaffin samfura, amma matuƙar motar tana cikin garanti, a garejin da kamfani ya amince da shi za a riƙa yi mata sabis, in ba haka ba garantin yana iya faɗuwa. Don haka kafin ku saya, ku tambayi inda garejin yake, domin idan amsar Abuja ce, kun ɗaura wa kanku tafiyar kusan kilomita 200 a duk lokacin sabis.

A kan zaɓi kuwa, ina ganin Prado ta ishi iyali irin naku, kuma sabon samfurinta na 250 ya ƙara faɗi a kan wanda ya gabace shi. Babbar tana da tanki mai cin lita 110 a yawancin samfuranta, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, cika irin wannan tanki ya zama abin da ake sa wa a lissafin wata. Abu ɗaya da nake roƙonku shi ne ku je da yaran wurin gwaji, a ɗaga kujerun baya na uku, kowa ya zauna, sannan ku duba abin da ya rage na wurin kaya, domin mutane da yawa sai ranar tafiyar sallah suke gane cewa akwatuna ba su da wuri. Idan kuma kujeru ne buƙatarku ba shiga daji ba, kada ku manta cewa Kaduna garin Peugeot ne tun da aka fara haɗa ta a Kakuri a 1975, kuma samfurin 5008 yana da kujeru bakwai, ga sauƙin shan mai.

TAMBAYA: Dillali ya ce zai yi mini ragi idan na kawo kuɗi a hannu maimakon ta banki. Ina kuma tunanin bi ta bankin da ba ya ta'ammali da ruwa. Wanne ya fi?
Wani Malam, Kawo

AMSA: Malam, ka bar wannan ragin. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, sai ta hanyar banki, kuma babu sabuwar babbar jif da kuɗinta bai ninka wannan sau da yawa ba. Ka tura kuɗin cikin asusun kamfanin, mai suna ɗaya da wanda ke kan rasit, ba asusun yaron shago ko na wani ɗan'uwan mai wurin ba. Bankuna irin su Jaiz da TAJ da Lotus suna yin murabaha, inda bankin zai sayi motar ya mallake ta, sannan ya sayar maka da ribar da kuka sani tun farko, ka riƙa biya kashi-kashi. Ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da abin da zai faru idan ka yi jinkirin wata ɗaya.

Ka kuma tambaya ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari yana cikin farashin, da kuɗin rajista da lamba. Inshora ita ce aka fi mantawa. Mafi ƙanƙanta da doka ta wajabta ta koma naira 15,000 daga Janairun 2023, amma ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai take biya, ba ta gyara taka. Cikakkiya kuwa hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato motar miliyan 100 za ta ci miliyan 5 a shekara. Akwai kamfanonin takaful ga wanda yake son tsarin Musulunci.

TAMBAYA: Na riga na biya kuɗin VX, aka kawo mini GXR, kuma dillalin ya ce duk ɗaya ne. Ina zan kai kuka?
Wani mai karatu, Tudun Wada

AMSA: Ba ɗaya ba ne, kuma kana da haƙƙi. Idan ba ka karɓi motar ba, kada ka karɓa, idan kuma tana hannunka, ka ajiye ta, kada ka yi mata rajista. Ka haɗa rasit da shaidar tura kuɗi da duk saƙonnin da kuka yi musaya, ka sa lauya ya rubuta masa wasiƙa mai wa'adi, ta neman ya kawo abin da ka biya ko ya mayar da kuɗinka. Shigar da shugabannin ƙungiyar dillalan motoci yakan warware irin wannan da wuri, domin ba wanda ke son sunansa ya ɓaci a cikin abokan sana'arsa. Idan wa'adin ya cika bai motsa ba, ka shigar da ƙorafi a hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, kuma lauyanka ya fara shirya takardun kotu tun daga ranar.