Damon da ke bayan rumbu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kun ga wani abu mai kama da ƙaton ƙadangare a bayan rumbu, yara suka ɗauko sanduna, Inna ta hana, ta ce kan gida ne, kai kuma ba ka san abin da take nufi ba.

Ka fara sanin wanda ya sauka a gidanku. Da sassafe kafin a yi shara, je ka duba ƙasa. In ka ga jan wutsiya a tsakiya da sawun farata hagu da dama, ba maciji ba ne. Saura ka bambance damo da guza. Damo gajere ne, kakkaura, kansa a dunƙule, launinsa kamar busasshiyar ƙasa. Abincinsa katantanwa, ƙadandoniya, fara da buzuzu. Da rani yakan shige rami ya yi lamo, sai ruwa ya sauka ya fito, shi ya sa kuka gan shi yanzu. Guza kuwa dogo ne, yakan kai mita 2, da ɗigo-ɗigon rawaya a baya, ba ya nisa da rafi ko kududdufi. Shi ne ɓarawon ƙwai da 'yan tsaki. Tunda kajin Inna suna nan cif, damo ne baƙonku.

Batun kan gida tsohon zance ne. Kafin Musulunci ya kafu, kamar yadda Maguzawa suka daɗe suna riƙe da shi, kowace zuriya tana da dabbar da ba ta kashewa, ba ta ci: wasu kada, wasu maciji, wasu damo. Sun ɗauka wanda ya taɓa ta zai gamu da ciwo ko asara. Wannan kam mun bar shi, cuta da amfani a hannun Allah suke. Amma kada ka yi wa Inna gardama a gaban yara. Hanin da ta yi daidai ne ko ba don dalilinta ba, domin damo sarkin haƙuri ne, ba ya neman kowa sai an matsa masa, kuma ƙwarin gonarku yake rage muku.

Abin da na fi so ka tsawata wa yara a kai shi ne zura hannu a rami. Ramin da damo ya bari, igiyar ƙasa kan gaje shi, kuma kububuwa ba ta da girma, sai dai dafinta yana hana jini daskarewa. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, a nufi asibiti nan take.

Ka gaishe min da Inna da mai ɗakinka.